Rozmarina na uku ke nan yana mutuwa, har na fara zargin facalata

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. A Kano nake, cikin gidan yawa, mu uku matan wa da ƙani. Na daɗe ina son in raini rozmari, tsiron nan mai ƙamshin ganye, a tukunya saboda girki da gyaran gashi. Guda biyu na saya wajen masu fulawa, duk suka mutu. Wannan na ukun yayata ce ta kawo min daga Jos a farkon damina. Na dasa shi a babban bokitin fenti, na cika da baƙar ƙasa da kashin kaji, na ajiye a baranda kusa da inda muke alwala, ina ba shi ruwa safe da yamma. Tunda marka ta kama, ganyen ƙasa ya fara komawa ruwan ƙasa yana zubewa, kan rassan yana yin baƙi. Na ƙara masa ruwa, abin sai gaba yake yi. Rannan na tarar da facalata tana zuba masa ruwa daga buta, kuma ita ce ta fara yaba shi ranar da aka kawo. Tun daga nan na daina sakar mata fuska. Maigida kuma ya ce ba ni da hannun shuka, in daina ɓarnar kuɗi. Anti, baki ne, ko wani abu aka zuba masa, ko hannuna ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Tun kafin in kai ƙarshen saƙonki na gane abin da ke cin rozmarinki, domin ke da kanki kin jero shi ba ki ankara ba. Bokitin fenti, baƙar ƙasa, kashin kaji, inuwar baranda, wurin alwala, ruwa safe da yamma, ga kuma marka. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya jigata shi, ke kuwa kin haɗa masa su duka. Ruwa ne ya yi masa yawa har saiwarsa ta fara ruɓewa. Hannunki lafiyarsa ƙalau, kuma babu wata alama a bayaninki da ke nuna an zuba masa mugun abu.

Ya kamata ki san daga ina baƙon naki ya fito, don in kin san garinsu, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi. Asalinsa ƙasashen da suka kewaye Bahar Rum ne, su Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya da Girka, sai Maroko da Aljeriya da Tunisiya ta ɓangarenmu na Afirka. A can da kansa yake fitowa a gangaren duwatsu, cikin tsakuwa da ƙasa marar ƙarfi, inda ruwa in ya sauka ba ya kwana. A gabashin Maroko da tsaunukan Tunisiya har yau daji mutanen ƙauye ke shiga su yanko shi dami-dami, a busar da ganyen ko a tatsi mansa a sayar waje. Babu mai yi masa ban-ruwa, babu mai zuba masa taki. Abin da ya fi muhimmanci ki riƙe shi ne, ruwan samansu lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuwa sai a shafe watanni ba a ga hadari ba. Mu namu ruwan da ɗumi yake zuwa, iska ta yi nauyi da laima, musamman a watan Agusta da ya fi kowane wata ruwa a Kano. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi abu ne da saiwarsa ba ta saba da shi ba sam.

Ki ciro ganye ɗaya ki duba shi da kyau. Siriri ne mai tauri, gefensa a nannaɗe zuwa ƙasa, bayansa fari-fari mai ɗan gashi. Allah ya tsara shi haka ne don tattalin ruwa, ba ya zubar da shi a iska kamar yadda faffaɗan ganye ke yi. Masana tsirrai sun sa shi dangi ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya, kuma ina ganin nan ne mata da yawa ke ruɗewa, sai su yi masa renon na'ana'a. Ita na'ana'a in kin kafa ta a wurin alwala, kin gama mata komai. Shi kuwa kamar kin ɗauki gero ne, ɗan jigawa, kin kai shi fadamar shinkafa kin shuka.

Ga yadda abin ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, inda idonki ba ya kaiwa. Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan ƙofofi da iska ke zama, daga nan take shaƙa. In ruwa ya cika ƙofofin nan ya kwana ya wuni bai tsane ba, sai ƙananan jijiyoyin da ke tsotsar ruwa su shaƙe su mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta irin na funfuna, waɗanda ke son jiƙa da ɗumi, sai su samu ƙofa su bi saiwar suna ruɓar da ita har gindin kara. To saiwar da ta ruɓe ba ta iya kai ruwa sama. Ganye sai ya fara bushewa alhali tukunyar cike take da ruwa. Mai shuka ta ga bushewa, tausayi ya kama ta, ta ƙara ruwa, ruɓar ta ƙaru. Tarkon da kika faɗa ke nan, kuma ba ke kaɗai ba ce. Mafi yawan rozmarin da ke mutuwa a tukunya ta wannan hanyar yake tafiya, a hannun masu ƙaunarsa. Ina kyautata zaton biyun farko ma abin da ya kashe su ke nan.

Yanzu maganar facalarki, wadda ta fi tsaya min a rai fiye da shukar. Kambun baka gaskiya ne, ya tabbata a hadisi, ba ni da ja a kansa. Amma Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hore mu da nisantar yawan zato, domin wani zaton zunubi ne. Mu duba abin da ke hannunmu. Da kananzir ko gishiri ko ruwan zafi aka zuba masa, da cikin kwana ɗaya ko biyu zai ƙone gaba ɗaya, kuma ƙasar za ta yi wari ko ta yi farin ɓawo a sama. Naki a hankali yake tafiya, daga ƙasa zuwa sama, kuma ya fara ne daidai da shigar marka. Ga guda biyu da suka riga shi tafiya a hannunki da irin wannan renon. Abin da kika gani da idonki shi ne mace ta gama alwala, ta ga shukar 'yar'uwarta tana yaushi, ta juye mata ragowar buta. A gidajenmu wannan alheri ne. Na tabbata ba ita kaɗai ba ce, yara ma da maza duk wanda ya idar da alwala a wurin nan zai iya yin haka. Ki lissafa da kanki, salla biyar a gidan yawa, a kan naki na safe da yamma.

Don haka ki saki fuska, yau ba gobe ba. Ba sai kin je kin faɗa mata abin da kika raya a zuci ba, wannan zai iya buɗe wata sabuwar ɓaraka. Ki yi istigfari tsakaninki da Ubangijinki, ki leƙa ɗakinta ku gaisa kamar da, ki ce mata, "Ashe shukar nan ba ta son ruwa, ni da ke muna ta ɗura mata. Don Allah ki taya ni hana yara zuba mata." Kin ga kin mayar da ita abokiyar tsaro. Zaman gidan yawa da kuke yi na shekaru ne, 'ya'yanku kuma jini ɗaya. Bai kamata a bar tsiron da ake iya sakewa da reshe guda ya shiga tsakaninku ba.

To sai aikin ceto. Zan gaya miki gaskiya, rozmarin da ruɓa ta ci rabinsa ba kasafai yake farfaɗowa ba. Saboda haka kafin ki taɓa tukunyar, ki fara ɗebe iri. Ki nemi rassan da har yanzu suke kore shar, waɗanda ba su yi laushi ƙwarai ba kuma ba su zama busasshen itace ba. Ki sa sabuwar reza ki yanko biyar ko shida, kowanne santimita 10 zuwa 15, wato tsawon biro ko ƙasa da haka kaɗan. Ki zage ganyen rabin ƙasa da yatsu, ki bar na sama. Ki samu ƙananan gwangwanaye ko kofunan roba, ki huda gindinsu sosai, ki cika da yashi mai ɗan danshi, ki soka ɗan tsinke ki yi rami, ki sa reshen ki danne gefensa. Ki ajiye su inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukansu kai tsaye, ruwan sama kuma ba ya zuba a kansu. Yashin ya zauna da danshi kawai, kada ya yi caɓa-caɓa. Cikin mako huɗu zuwa takwas za su yi saiwa. Alamar ita ce sabon toho a sama, kuma in kin ɗan ja reshen a hankali za ki ji ya riƙe. Ba duka za su kama ba, shi ya sa na ce ki yi da yawa. Wasu kan sa reshen a kofin ruwa su riƙa canzawa bayan kwana biyu ko uku, wannan ma yana yi, sai dai saiwar cikin ruwa tana da rauni, takan sha wuya ranar dashe. Ƙwayar iri kuwa da ake tallarta a 'yar takarda, kada ki wahalar da kanki da ita. Tana daɗewa ba ta fito ba, kuma kaɗan ne ke tsirowa.

Bayan kin ajiye irin, ki dawo kan uwar. Ki ɗan kankare ɓawon karan da farce kusa da gindi. In kin ga kore mai danshi, da sauran rai. In ruwan ƙasa ne busasshe tun daga gindi har sama, ya riga ya tafi, ki haƙura ki zuba ido kan rassan da kika kafa. In da rai, ki kwantar da bokitin ki zaro shi da ƙasarsa, ki karkaɗe a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, da ƙwari in kin taɓa. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, ta yi laushi, fatarta tana saluɓewa a yatsa, kuma za ki ji warin kwata yana tashi. Ki yanke duk ruɓaɓɓen har ki kai mai kyau, ki cire rassan da suka mutu, ki ɗan rage koren ma, don saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da jiki duka ba. Tsohuwar ƙasar ki kai ta bola, kada ki mayar da ko cokali guda, cutar tana cikinta.

Bokitin fentin nan ki ba shi wani aiki. Ko da kin huda shi, ya yi girma. Ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya ba ta iya shanye ruwan da ke kewaye da ita, sai ƙasar ta yi kwanaki a jiƙe. Tukunyar ƙasa irin tamu ita ce daidai, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, domin jikinta yana fitar da danshi, dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa ke nan. Ki zaɓi wadda ta ɗara dunƙulen saiwar da kamar yatsu biyu ta kowane gefe. In ya girma sai ki ƙara masa, har ki kai mai faɗin baki santimita 30, kusan duk shekara ɗaya ko biyu ke nan ana sauyi. Dole ta kasance da huji a gindi, wanda ɗan yatsa zai shiga. In ba ki samu mai huji ba, ki jiƙa ta a ruwa ta kwana, sannan ki sa ƙusa ki riƙa murzawa a hankali har ta ɓulle. Ki ɗora tsingaro a kife a kan hujin don ƙasa kada ta toshe shi. Ki kuma ɗora tukunyar kan bulo biyu, ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma kada ta hau.

Kan ƙasa zan ɗan tsaya, don ita ce rabin aikin. Baƙar ƙasar da masu fulawa ke sayarwa tana da kyau ga alayyafo da tumatir, amma yawancinta da laka, tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta dunƙule. Ga haɗin da nake ba da shawara a irin yanayinmu: awo biyu na yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi, awo biyu na ƙasar jigawa ko ta lambu marar danƙo, da awo ɗaya na tsohon takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya zama gari, ba ya wari. Rairayi mai laushi irin na shafe bai dace ba, yana haɗuwa da laka ya toshe ƙofofin iska. In kina da ƙananan tsakuwa ko guntattakin gawayi, ki watsa hannu ɗaya ko biyu ki cakuɗa. Ki lura, cakuɗawa na ce. Al'adar jera tsakuwa a gindin tukunya sannan a zuba ƙasa a sama ba ta sa ruwa saurin fita, rage wa saiwa wurin zama kawai take yi. Kafin ki dasa ki gwada haɗin. Ki jiƙa shi, ki damƙa a hannu, ki buɗe. In ya wargaje da kin taɓa shi da yatsa, ya yi. In ya zauna a dunƙule da shatin yatsunki a jiki, ki ƙara yashi. Wajen dasawa kada ki binne karan fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da, domin daga wuyan nan ruɓa ta fi kamawa.

In kin dasa, ki ba shi ruwa sau ɗaya don ƙasar ta zauna, ki ajiye shi a inuwa mai haske na mako ɗaya zuwa biyu, sannan ki fara fito da shi hantsi, kullum kina ƙara masa lokaci. Lafiyayyen rozmari yana bukatar rana ta aƙalla awa shida, da wurin da iska ke kaɗawa. Baranda mai duhu da tagar kicin ba wurinsa ba ne. Da damina ki nema masa gefen da rana ke samu amma rufi ya ɗan kare, nesa da indararo, nesa da wurin alwala da wurin wanke-wanke. Amfanin tukunya ke nan, tana ɗaukuwa. In hadari ya haɗu ki sa yaro ya shigar da ita, in gari ya washe a fitar.

Batun ban-ruwa, ki manta da lissafin safe da yamma. Yatsanki ne zai gaya miki. Ki soka shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji sanyi ko danshi, ki tafi abinki, ko da kwana biyar ke nan rabonsa da ruwa. In kin ji a bushe, sai ki ba shi sosai da safe, a gindi ba a kan ganye ba, har ki ga ruwa ya ɓullo ta hujin ƙasa. In akwai faranti a ƙarƙashi ki zubar da abin da ya taru. Ki riƙa ɗaga tukunyar kuma, kwana kaɗan hannunki zai gane nauyinta in ta sha da in ta bushe. Da marka za ki iya shafe mako ba ki zuba ko ɗigo ba.

Sai dai kada jin wannan ya sa ki koma ɗaya gefen. Wanda ke daji yana tura saiwa can cikin dutse ya nemo danshi, na tukunya kuwa abin da kika ba shi ne kawai. In ƙasar ta bushe ƙamas har gindi ta daɗe a haka, shi ma mutuwa zai yi, kuma ba ya yin yaushi mai yawa ya sanar da ke kamar ɗoɗɗoya. Alamar ƙishinsa ita ce kan sabon toho ya ɗan sunkuya, ganyen ya dusashe ya ƙara sirancewa. Da kin ga haka ki taɓa ƙasa, in a bushe take ki ba shi nan take.

Hunturu ne lokacin jin daɗinsa a wurinmu. Sanyinmu ba ya yi masa komai, a garinsu yana jure wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Abin lura kawai, busasshiyar iskar tana saurin shanye tukunyar ƙasa, ƙura kuma tana lulluɓe ganye, sai ki riƙa ɗauraye shi da safe lokaci-lokaci don ya bushe kafin dare. Bazara ce jarrabawa ta biyu bayan marka. Naki daga Jos ya zo, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, bai taɓa ɗanɗana zafin Afrilun Kano ba, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40. A watannin nan ki ba shi rana daga safe zuwa azahar, sauran yinin ya samu inuwar katanga ko ta bishiya. Kada ki ajiye tukunyar kan siminti mai zafi, kada kuma ki bar shi cikin baƙar leda ko baƙar roba a rana, saiwar dahuwa take yi. A lokacin zai iya neman ruwa kullum ko bayan kwana ɗaya, amma duk da haka yatsa ne alƙali.

Taki kaɗan ya ishe shi. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa, shi ma ya taimaka wajen jigata naki. Yuriya da kamfa ki bar wa masara. In taki ya yi yawa, sai ya yi ta fitar da lallausan toho mai ruwa-ruwa, ƙamshin ya ragu, ƙwari su samu abinci. Hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a saman tukunya bayan damina ta wuce ya wadatar. Marar lafiya kuwa ba a ba shi taki ko kaɗan sai ya fara sabon toho.

Ƙwari ba su cika damunsa ba, amma ki sa ido kan abu uku. Da damina farar funfuna kan hau ganye ta yi fari-fari, maganinta a cire inda ta kama a ƙara masa rana da iska. Da rani akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu yin siririyar saƙa tsakanin ganye, sai kuma farin ƙwaro mai lulluɓe da abu kamar auduga a hammatar reshe. Ki wanke su da ruwa mai ɗan ƙarfi, in sun dawo ki fesa ruwan da kika jiƙa dakakken ganyen darbejiya da ɗan sabulu kaɗan, da yamma. Abin da za ki sa a tukunyar miya ne, kada maganin feshin gona ya kusance shi.

In Allah ya raya miki shi ya kai tsawon kamu, sai ki fara ɗiba. Kan rassa ake tsinka, inda yake kore, hakan ma yana sa shi ya yi rassa ya cika. Kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kada kuma ki datse shi har cikin tsohon itacen da ba ganye, don daga nan ba kasafai yake sake tohowa ba. Ɗan reshe guda ya ishi kaza ɗaya ko tiren dankali, in ya yi yawa ɗaci yake yi. Wanda kika rage ki shanya a inuwa, rana tana kwashe ƙamshin.

Kin ambaci gashi, to bari in faɗa miki iyakar abin da aka tabbatar. A shekarar 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a Iran kan maza 100 masu sanƙo, rabi suka shafa man rozmari, rabi suka shafa maganin minoxidil mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari. Bayan wata shida an ga ƙaruwar gashi kusan iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Wannan binciken ne ake ta yayatawa a TikTok. Amma ƙarami ne, a kan maza aka yi shi, kuma da tataccen mai, ba da dafaffen ruwan ganye ba. Ɗauraye kai da ruwan ganyen ba laifi in fatarki ba ta ƙi shi ba, sai dai in gaban goshi ne ke cinyewa, ki fara duba kitson da ake ja miki da ƙarfi. Tataccen man nan na kwalba ba a shan sa, ba a kuma shafa shi tsura sai an sirka ɗigo kaɗan cikin man zaitun ko man kwakwa. Mai juna biyu ta tsaya kan ɗan abin da ake sawa a girki, mai farfaɗiya kuma ta nisanci man.

Shi kuma maigida ba sai kin yi musu da shi ba. Rassan da za ki kafa ba su cin ko kwabo, tukunyar ƙasa da yashi kuma ba su kai kuɗin shuka ɗaya ba. In sun kama, ki ba facalarki ɗaya, ki ajiye biyu, don ko ɗaya ya sami matsala gida bai rasa iri ba.

In kuma duka ba su yi ba, kada ki yi gaggawar sayen wani cikin ruwan nan. Ki bari damina ta ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, don ya samu watannin hunturu ya kafu kafin zafi ya sauko. A wajen mai fulawa ki zaɓi wanda ganyensa ke kore tun daga ƙasa, da sabon toho a kai. Ki ɗaga ledar ki leƙa gindinta, ki ga ko farar saiwa ta fara leƙowa ta huji. Ki kama karan ki ɗan ja kaɗan, in ya taho ba wuya, reshe ne aka soka kwanan nan bai yi saiwa ba, ki ajiye ki ɗauki wani. Ki shinshina ƙasar ledar, in tana tsami ko wari, ruɓa ta riga ta fara tun daga can. Kin kawo shi gida, ki bar shi kwana uku ko huɗu a ledarsa a inuwa mai haske ya saba da gidan, sannan ki dasa shi da yamma. Allah ya sa albarka, ya kuma daidaita tsakaninki da 'yar'uwarki.